Ƙungiyoyi Masu Zaman Kansu, Matasa da Dokar Kuɗin Zaɓe a Gusau, Tsafe da Bungudu

Gabatarwa

A duk lokacin da babban zaɓe ya ƙarato, ƙungiyoyi iri-iri sukan fito a Jihar Zamfara da sunan wayar da kan matasa. Wasu su kafa rumfa a bakin kasuwa, wasu su sayi fili a gidan rediyo, wasu kuma su bi makarantu da majalisun hira suna kira ga samari da 'yan mata su je su yi rajista, su karɓi katinsu, su fito ranar zaɓe. Wannan aiki ne mai kyau, kuma doka ta yarda da shi. Sai dai dokar da ta yarda da shi ita ce kuma ta shata masa iyaka, kuma mafi yawan wannan iyaka a kan kuɗi take, wato wa ya bayar, nawa ya bayar, kuma me aka yi da abin da ya bayar. Mun shirya wannan bayani ne saboda shugabannin ƙungiyoyi, da malaman makaranta, da iyayen ƙasa, da su kansu matasan, musamman na Gusau da Tsafe da Bungudu, domin kowa ya san inda wayar da kai ya tsaya da inda yaƙin neman zaɓe ya fara.

Idan muka ce ƙungiyoyi masu zaman kansu, muna nufin duk wata ƙungiya da ba ta gwamnati ba ce, ba jam'iyya ba ce, ba kuma don neman riba aka kafa ta ba. A wasu jihohi akan ce da su ƙungiyoyin sa-kai, amma mun kauce wa wannan suna da gangan, tunda a Zamfara kowa ya san abin da ake nufi idan an ce 'yan sa-kai.

Yankin da adadin masu zaɓe

Gusau da Tsafe da Bungudu uku ne daga cikin ƙananan hukumomi 14 na jihar da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996. Su ukun tare da Maru su ne mazaɓar Sanatan Zamfara ta Tsakiya. A Majalisar Wakilai, Gusau da Tsafe kujera ɗaya suke da ita, Bungudu kuma tana tare da Maru, sa'annan kowace daga cikin ukun tana da kujeru biyu daga cikin 24 na Majalisar Dokokin Jiha. A nan ne kuma ɗalibai suka fi taruwa, saboda Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta 'yan mata a Gusau, da kwalejin koyon aikin lafiya ta Tsafe.

Rajistar da Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, ta yi zaɓen 2023 da ita tana ɗauke da mutum 93,469,008 a faɗin Nijeriya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na wannan adadi masu shekara 18 zuwa 34 ne. Rabon Zamfara a ciki shi ne mutum 1,926,870. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu na shekarar, ƙuri'un da aka kaɗa a jihar kaɗan suka haura 500,000. Mako uku bayan haka, a zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris, Dauda Lawal na PDP ya sami 377,726, Bello Matawalle na APC ya sami 311,976. Ratar da ke tsakani ita ce 65,750, alhali fiye da mutum miliyan ɗaya da ke cikin rajista ba su fito ba.

Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma biyu, domin su ne asalin maganar. Duk wanda zai iya tayar da matashi daga majalisar shayi ya kai shi rumfar zaɓe, to yana riƙe da abin da ɗan siyasa zai so ya saya. Shi ya sa ake zawarcin ƙungiyoyin matasa, shi ya sa kuma ake zarginsu.

Abin da tsarin mulki ya ce

Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin haɗuwa da wasu su kafa ƙungiya. Amma sashe na 221 ya ce babu wata ƙungiya, in ban da jam'iyyar siyasa, da za ta nema wa wani ɗan takara ƙuri'a a kowane zaɓe, ko ta ba da gudummawa ga asusun wata jam'iyya, ko ga kuɗin yaƙin neman zaɓen wani ɗan takara. Sashe na 229 kuma ya fassara kalmar ƙungiya da faɗi ƙwarai: duk wasu mutane da suka amince su yi aiki tare a kan manufa ɗaya, ko sun yi rajista ko ba su yi ba, ko ta ƙabila ce, ko ta zumunci, ko ta al'ada, ko ta sana'a, ko ta addini. Ke nan ƙungiyar 'yan kabu-kabu, da ta mahauta, da ta tsofaffin ɗalibai, da kulob ɗin ƙwallon unguwa, duk suna ciki.

Wannan hani ya girmi jamhuriya ta huɗu, domin yana cikin Tsarin Mulkin 1979. Waɗanda suka rubuta shi sun ga yadda manyan jam'iyyun jamhuriya ta farko suka tsiro daga ƙungiyoyin al'ada da na yanki: Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara ne a matsayin ƙungiyar al'adu kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, haka ma jam'iyyar Action Group ta fito ne daga ƙungiyar Yarabawa ta Egbe Omo Oduduwa. Abin da suka so shi ne neman ƙuri'a ya zama aikin jam'iyyu masu rajista kaɗai, waɗanda hukuma za ta iya buɗe littafin kuɗinsu ta duba. Tsarin mulkin na 1979 ne kuma ya tabbatar da shekara 18 a matsayin shekarun zaɓe, maimakon 21 na da, ya kuma tabbatar wa matan Arewa 'yancin da suka fara amfani da shi a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Abubuwan da suka faru daga baya sun ƙara wa jama'a dalilin yin hattara. A 1993 wata ƙungiya ce ƙarƙashin Arthur Nzeribe ta samo umarnin kotu na a dakatar da zaɓen 12 ga Yuni saura kwana biyu a yi shi. A watan Maris na 1998 wata ƙungiyar da ta kira kanta ta matasa, ƙarƙashin Daniel Kanu, ta shirya gangamin da aka yi wa laƙabi da na mutum miliyan biyu a Abuja domin roƙon Janar Sani Abacha ya tsaya takara. Ko wace daga cikinsu ba ta kira kanta jam'iyya ba.

Saboda haka ƙungiya tana da damar ta ce wa matashi: je ka yi rajista, ga inda ofishin yake, ga ranar zaɓe, ga yadda ake dangwalawa, ga aikin ɗan majalisa da na gwamna, ga tambayoyin da ya kamata ka yi wa duk wanda ya zo neman ƙuri'arka. Abin da ba ta da damar faɗi shi ne: zaɓi wane, ko kada ka zaɓi wane. Gaskiya ne ƙungiyoyin goyon bayan 'yan takara sun cika gari a kowace kakar zaɓe, da tutocinsu da ofisoshinsu, kuma ba kasafai ake ganin an tuhume su ba. Rashin tuhuma bai goge sashe na 221 ba, kuma ƙungiyar da ta karɓi tallafi da sunan wayar da kai ba za ta iya kafa hujja da su ba.

Iyakar kuɗin yaƙin neman zaɓe

Dokar Zaɓe ta 2006 ta ƙayyade wa ɗan takarar gwamna Naira miliyan 100, ɗan takarar shugaban ƙasa kuma miliyan 500. Ta 2010 ta ninka waɗannan, suka koma miliyan 200 da biliyan 1, ta kuma bar gudummawar da mutum ɗaya zai iya ba ɗan takara a kan Naira miliyan 1. Dokar 2022, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu na shekarar kuma aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ɗaga su sosai a sashenta na 88: shugaban ƙasa biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan Majalisar Wakilai miliyan 70, ɗan Majalisar Jiha miliyan 30, gudummawar mutum ɗaya kuma miliyan 50. Majalisar Tarayya takan sake taɓa wannan doka idan babban zaɓe ya matso, kuma sau da yawa idan aka taɓa ta adadin sama yake yi, don haka wajibi ne ƙungiya ta nemi kwafin dokar da ke aiki a shekarar da za ta fita aiki, kada ta dogara da abin da aka haddace a zaɓen baya.

Hukuncin da dokar ta 2022 ta tanada ga ɗan takarar da ya wuce iyaka da saninsa shi ne tarar kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka ƙayyade masa, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyu. Ga ɗan takarar Majalisar Jiha, wannan tara Naira 300,000 ke nan, abin da bai kai kuɗin fastocin mazaɓa ɗaya ba. Ta kuma hana jam'iyya karɓar gudummawar da ba a san mai ita ba, ta wajabta mata miƙa wa INEC sunayen masu gudummawa cikin wata uku bayan sanar da sakamako, da lissafin abin da ta kashe cikin wata shida bayan zaɓe.

Akwai wata kalma a cikin sashen gudummawa da takan ruɗi shugabannin ƙungiyoyi. Dokar ta ce kada wani mutum ko wata kafa ta ba ɗan takara fiye da adadin da aka yanka, sai wasu su fahimci cewa ƙungiya ma tana iya bayarwa muddin ba ta wuce adadin ba. A ganinmu wannan fahimta tana da hatsari, domin sashe na 1 na tsarin mulki ya ce duk dokar da ta saɓa masa ba ta da ƙarfi gwargwadon saɓanin, kuma sashe na 221 bai ware ko sisin kwabo ba. Haka nan Dokar Kamfanoni ta 2020, a sashe na 43, ta hana kamfani ba da kyauta ga jam'iyya ko don wata manufa ta siyasa, kamar yadda ta 1990 ta hana. Ɗan kasuwa yana iya bayarwa daga aljihunsa a matsayinsa na ɗan ƙasa, amma ba daga asusun kamfaninsa ba. Shugaban ƙungiya ma haka.

Inda doka ta yi shiru

Duk waɗannan ƙa'idoji a kan jam'iyya da ɗan takara aka ɗora su. Abin da dokar 2022 ta kira kuɗin zaɓe shi ne abin da jam'iyya ta kashe daga ranar da INEC ta ba da sanarwar zaɓe zuwa ranar jefa ƙuri'a. Kuɗin da wani na gefe ya kashe, yana mai cewa ba da yawun kowa ya yi ba, dokar ba ta fito fili ta faɗi yadda za a lissafa shi ba. Nan ne ƙofar da ake bi. Mai takara, ko ubangidansa, sai ya ba wata ƙungiyar matasa kuɗin gangamin wayar da kai, a ɗauki hayar motoci, a buga riguna, a raba kuɗin mota, ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, amma duk wanda ya halarta ya san mai gayyar. Wannan kuɗi ba zai bayyana a lissafin da jam'iyya za ta kai wa INEC ba, ƙungiyar kuma babu wanda zai nemi lissafinta a ofishin zaɓe.

Ban da wannan, INEC tana da ikon gurfanar da masu laifin zaɓe a gaban kotu, amma ba ta da jami'an kama mutane da na bincike irin na 'yan sanda. Kwamitin gyaran harkar zaɓe da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara a rahotonsa na Disamba 2008 cewa a kafa hukuma ta musamman ta hukunta laifukan zaɓe, amma har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba.

Tunda haka ne, abin da zai tsare ƙungiya shi ne ƙa'idar da ta ɗora wa kanta, kuma ta farko ita ce kada ta karɓi kuɗi ko mota ko zauren taro daga ɗan takara, ko jam'iyya, ko wanda aka san yana yi musu hidima. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba mu taɓa ganin inda wannan karin magana ya fi dacewa ba kamar a kakar zaɓe.

Wuraren da ƙafa ke zamewa

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne zaɓen wurin aiki. Ƙungiya tana iya yin wata uku tana wayar da kai ba ta furta sunan kowa ba, amma idan mazaɓun da ta zaɓa duk waɗanda aka san suna bayan ɓangare ɗaya ne, to ta yi yaƙin neman zaɓe da ƙafa ko da ba ta yi da baki ba. A wannan yanki abin ya fi wuya, domin matsalar tsaro ita ma tana zaɓar wa mutane inda za su je. Aiki a Galadima da Mayana da Madawaki da Sabon Gari da Tudun Wada cikin garin Gusau yana da sauƙi, ga hanya ga jama'a. Amma masu buƙatar bayanin sun fi yawa a Wonaka da Magami da Wanke da Ruwan Ɓore, da Bilbis da Ɗanjibga da Keta da 'Yankuzo a Tsafe, da Bingi da Tofa da Samawa a Bungudu, inda hare-haren 'yan bindiga suka tashi garuruwa da dama. Abin da ya dace shi ne ƙungiya ta rubuta ma'auninta tun kafin ta fita, misali mazaɓun da aka fi barin katuna ba a karɓa ba, ko unguwannin da 'yan gudun hijira suka sauka, ta kuma nuna wa kowace jam'iyya wannan ma'auni. Dokar 2022 ta ba mai rajista damar mayar da rajistarsa zuwa inda ya koma da zama, ta kuma umarci INEC ta yi bakin ƙoƙarinta kada wanda wani bala'i ya raba da gidansa ya rasa ƙuri'arsa. Sanar da mutumin da ya baro ƙauyensa ya sauka a Tsafe ko Gusau wannan haƙƙi nasa ya fi gangami goma amfani.

Wannan ya bayyana sarai a 2021. INEC ta buɗe fara rajista ta intanet ranar 28 ga Yuni, amma a farkon Satumba aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar saboda aikin tsaro, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. An maido wa Gusau layi a watan Oktoba, sauran wurare sai daga baya. Ɗalibin da ke Gusau ya iya ci gaba, ɗan ƙauye kuwa sai wanda aka kai wa labari da baki kafin a rufe rajistar ranar 31 ga Yuli, 2022.

Sai maganar abin hannu. Doka ta hukunta mai ba da kuɗi ko kyauta don a yi zaɓe ko a ƙi yi, ta kuma hukunta mai karɓa, domin idan ɓera da sata daddawa ma da wari. A kan cin hanci na zaɓe dokar 2022 ta yanka tarar Naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyu. Ruwan sha da abincin rana ga wanda ya wuni a taron bita ba laifi ba ne, haka ma alawus ɗin ma'aikacin ƙungiya da aka rubuta aka sa hannu. Amma taliya da sabulu da atamfa da ake rabawa ana cewa ku fito ranar Asabar, ko da ba a ce ku zaɓi wane ba, sun yi kama da abin da doka ta hana fiye da yadda ƙungiya za ta iya wanke kanta. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, wanda ya sa gwamnatocin Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai ƙarar gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, ya nuna cewa rashin tsabar kuɗi ba ya hana sayen ƙuri'a, kayan masarufi da tura kuɗi ta waya sukan maye gurbi. Dangane da sufuri kuwa, doka ta hana amfani da motar gwamnati wajen kwasar mutane zuwa wurin rajista ko rumfar zaɓe, saboda haka kada ƙungiya ta karɓi aron bas daga wata ma'aikata ko ƙaramar hukuma.

Katin zaɓe kuma mai shi kaɗai yake karɓarsa, INEC ba ta yarda da aike ba. Saye da sayar da shi laifi ne, riƙe na wani ba bisa ƙa'ida ba laifi ne. Kada wata ƙungiya ta tara katunan matasa da sunan adana musu, kada kuma ta riƙa kwafe lambobin kati da na waya, domin irin wannan jerin suna shi ne hajar da dillalan ƙuri'a suke nema, kuma tun 2023 ƙasa tana da dokar kare bayanan mutane.

Wajen koyar da dangwale ma akwai hattara. Takardar ƙuri'a a Nijeriya alamun jam'iyyu take ɗauke da su, ba hotunan 'yan takara ba, don haka samfurin da za a yi gwaji da shi ya zama mai alamun da ba na kowa ba, kamar tulu ko fartanya, ba tsintsiya ba, ba lema ba. A kula da launin riguna da huluna. A kula kuma da mawaƙin da za a gayyata, domin wanda ya yi suna wajen wasa wani ɗan siyasa, kiɗansa kawai ya isa sanarwa ko da ya sauya baiti. Doka ta hana yin yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada da ofisoshin gwamnati, ta kuma hana neman ƙuri'a da sunan addini ko ƙabila. Liman yana iya tunatar da jama'a su karɓi katinsu, amma ƙungiyar da ta roƙe shi wannan alfarma ta tabbatar maganar ta tsaya a nan. Idan za a shirya muhawara, a aika wa dukkan 'yan takarar kujerar takardar gayyata rana ɗaya, a ba kowa lokaci daidai, a ajiye shaidar gayyatar wanda bai zo ba.

Shugaban ƙungiya ɗan ƙasa ne, yana da 'yancin shiga jam'iyyar da ya so. Ranar da ya karɓi muƙami a kwamitin yaƙin neman zaɓe, ko ya sayi fom, ya kamata ya sauka ya miƙa hatimi da littafin banki ga mataimakinsa.

Rajista da kuɗin waje

Ƙungiyar da take son buɗe asusun banki da sunanta da karɓar tallafi takan yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Dokar 2020 ta wajabta mata kashe dukiyarta a kan manufofin da ta rubuta kaɗai da miƙa rahoton shekara-shekara, kuma sashe na 839, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce lokacin da aka sa wa dokar hannu, ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu idan aka sami almundahana. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 kuma ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga ƙungiya mai rajista, sai ta hanyar banki.

Sashe na 225 na tsarin mulki ya hana jam'iyya mallakar kuɗi a ƙasar waje ko riƙe wanda aka aiko mata daga can, sai ta miƙa shi ga INEC cikin kwana 21. Wannan hani bai shafi ƙungiyoyin wayar da kai ba, kuma manyansu da yawa da tallafin ƙasashen waje suke aiki. Amma idan kuɗin waje ya shiga asusun ƙungiya ya fita ta wajen ɗan takara, an keta sashe biyu a lokaci ɗaya.

Sanar da hukumomin jiha ma ba abin wasa ba ne. A ƙarshen Fabrairun 2023, ana tsakiyar zaɓe, gwamnatin jihar ta wancan lokaci ta ba da sanarwar cewa ƙungiyoyi masu zaman kansu su dakatar da aiki su bar jihar, bisa zargin cewa wasunsu ba su yi rajista da jiha ba kuma ayyukansu suna ƙara rura matsalar tsaro. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, ya nuna cewa a kakar zaɓe zargin da aka yi wa kaɗan yakan shafi kowa.

Abin da aka gani a wasu wurare

A Amurka, ƙungiyoyin jinƙai da aka yafe wa haraji an hana su goyon bayan ɗan takara tun 1954, amma an bar su su yi wa mutane rajista da kansu muddin ba su nuna ɓangaranci ba, kuma a kan haka ƙungiyar Rock the Vote take aiki da matasa tun 1990. A Nijeriya INEC ce kaɗai take rajista, domin sai an ɗauki hoton fuska da zanen yatsa, aikin ƙungiya shi ne ta kai mutum bakin ƙofa.

A gida, ƙungiyar Enough is Enough Nigeria da aka kafa a 2010 ta gina kiranta a kan abu huɗu: yi rajista, tantance, zaɓa, tsare ƙuri'arka. Yiaga Africa kuma ta jagoranci fafutukar rage shekarun takara, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, ta mayar da shekarun takarar Majalisar Wakilai da ta Jiha 25 daga 30, na shugaban ƙasa 35 daga 40. Majalisun jihohi 33 ne suka amince da gyaran, ta Zamfara tana cikin ukun da ba su yi ba, tare da Kano da Legas, amma gyaran ya shafi ƙasa baki ɗaya. Wannan fafutuka misali ce ta abin da doka ta halatta: an matsa wa 'yan majalisa na kowace jam'iyya lamba a kan manufa, ba a nema wa kowa ƙuri'a ba. Sai dai rage shekaru bai rage farashi ba. A 2022 fom ɗin takarar gwamna Naira miliyan 50 ne a APC, miliyan 21 a PDP.

Ya kamata kuma bita ta wuce ranar zaɓe ta haɗa da zaɓen fid da gwani, kuma babu jihar da ta fi tamu sanin dalili. Ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un da APC ta samu a zaɓukan jihar na gwamna da na majalisu, saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba. Dubban ɗaruruwan mutanen da suka wuni a layi ba su san ƙuri'arsu tana rataye da wannan sharaɗi ba.

Ranar zaɓe da bayanta

Dokar 2022 ta rufe yaƙin neman zaɓe awa 24 kafin ranar zaɓe, ta kuma hana neman ƙuri'a ko nuna alamar jam'iyya a cikin tazarar mita 300 daga rumfar zaɓe. Ƙungiyar da take son sa ido sai ta nemi izinin INEC tun da wuri, kamar yadda ƙungiyoyin cikin gida 196 suka samu a 2023. Ɗan sa ido yana kallo ne yana rubutawa. Ba ya taɓa kayan zaɓe, ba ya ba ma'aikaci umarni, ba ya sanar da sakamako, kuma mutum ɗaya ba ya zama ɗan sa ido da wakilin jam'iyya a lokaci ɗaya.

INEC tana da ofishi a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, ban da babban ofishin jiha a Gusau, haka ma Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, wato NOA, tana da jami'ai a ƙananan hukumomi. Muna ba ƙungiyoyi shawara su kai wa waɗannan ofisoshi jadawalin aikinsu a rubuce, su kai wa fadar sarki da ofishin 'yan sanda na yankin kwafi, su kuma karɓi kayan wayar da kai na INEC maimakon su ƙirƙiro nasu. Bayan an gama zaɓe, ma'aji ya tara 'yan ƙungiya ya karanta musu abin da ya shigo da sunan wanda ya bayar, da abin da ya fita tare da rasit ɗinsa, a liƙa kwafi a ƙofar ofis, a ajiye wani domin rahoton shekara da za a kai wa CAC.